Duk gidan muna susa da daddare, har na fara zargin maigida

Wata 'yar uwa ce ta turo min wannan daga Agege, ta ce dan Allah in sakaya sunanta. Saƙon na da tsawo sosai, na rage shi:

"Anti Nas salamu alaikum. Wata biyu kenan ƙaiƙayi ya hana mu barci, da rana da sauƙi amma dare na yi sai susa kamar za mu cire fata. Ɗaki da falo muke haya. Ƙanin maigida ya zo daga gida bayan babbar sallah, yana aiki a kasuwar Mile 12, a falo yake kwana da yarana maza biyu, mai shekara 8 da mai 5, shi ma na lura yana susa. Kamar wata ɗaya da zuwansa yaran suka fara, sai jaririyata 'yar wata 7, sai ni. Mai kemis ya ba ni man nan tiriful akshan, in mun shafa ya lafa kwana biyu ya dawo, mun ƙarar da guda shida. Ina zuba Dettol a ruwan wanka. Hajiyar maigida ta ce sanyi ne ta aiko da jiƙo. Abin da ya fi damuna, satin da ya wuce na ga wasu ƙuraje masu tauri a gaban maigida, tun ranar na ƙaurace masa, zuciyata na ce min wajen wata ya ɗauko ya kawo mana. Ban faɗa masa ba amma ya ga na canza."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da haƙuri, wanda bai taɓa kwana yana susa ga jariri na tsala kuka a gefe ba bai san me kike ciki ba. Ban ga fatarku da idona ba, dole sai wani ya duba ku, amma wallahi tun kafin in kai ƙarshen saƙonki na riga na ce a raina wannan ƙazuwa ce. Ƙaiƙayin da ke tashi da dare, yana bin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ga ƙuraje masu tauri a gaban namiji, ai mu a wajen aiki in muka ji ukun nan tare ba ma nisa da tunani.

Bari in fara da maganar maigida dan na san ita ce ke cin ranki, sauran duk kin sa su a gaba ne dan kunya.

Ƙazuwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke kawo ta, macen ko rabin milimita ba ta kai ba, sai ta haƙa rami a saman fata ta shige tana saka ƙwai 2 zuwa 3 kullum, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana 3 zuwa 4, kafin sati biyu su ma sun girma sun fara nasu. Kuma tana da wuraren da take so: tsakanin yatsu, wuyan hannu, gwiwar hannu, hammata, zagayen cibiya, ƙugu inda zariyar wando ke zama, ɗuwawu, kan nono ga mata, ga maza kuma kan gaba da fatar maraina. A wajen nan na maza fatar ba ta da kauri, shi ya sa ƙurajen ke kumbura su yi tauri kamar ƙwayar wake, ja ko ruwan ƙasa, masu masifar ƙaiƙayi. Ko ta hannu ƙwaron ya hau jikin mutum zai iya gangarawa can. Na sha ganin irin ƙurajen nan a jikin yara maza 'yan shekara shida bakwai, su kuma wajen wa suka je? In kin duba yaranki da kyau ba mamaki ki gan su a jikinsu su ma.

Ba zan yi miki ƙarya ba, eh ana ɗaukar ƙazuwa ta kwanciyar aure, tunda fata ce ke haɗuwa da fata na tsawon lokaci. Amma ana ɗauka ta goyo, ta kwana tabarma ɗaya, ta rungumar yaro ya yi barci a jikinka. Yanzu ki bi lissafin da ke da kanki kika kawo min. Wanda bai taɓa yin ƙazuwa ba sai ya yi sati 4 zuwa 6 da ƙwaron a jikinsa kafin ya fara jin ƙaiƙayi. Baƙo ya zo yana susa, wata ɗaya bayan nan yaran da ke kwana da shi suka fara, sai jaririyar da suke ɗauka, sai ke mai goyonta, maigida ne ma na ƙarshe a layi. Da shi ya shigo da ita ai ke za ki riga yaran falo. To kin ga ni dai a abin da kika rubuto ban ga hujjar ƙaurace wa mijinki ba, kuma kin san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan da lissafi ma bai goyi bayansa ba. Abin da zai sa in canza magana shi ne in akwai gyambo buɗaɗɗe a gaban, ko ƙuraje masu ruwa masu zafi, ko ruwa na fita ta mafitsara, ko zafi in zai yi fitsari. Wannan wani babin ne daban, gwaji za ku je ku biyun.

Kuma dan Allah kar ki juya fushin kan ƙanin mijin. Shi ma wani ne ya shafa masa. Duk wanda ya san yadda 'yan uwanmu ke kwana a Mile 12 ko kasuwar Alaba Rago, mutum goma a shago ɗaya ko a barandar masallaci, kafaɗa da kafaɗa, ya san abin ba wuya. Ba ciwon ƙazamai ba ne kamar yadda sunan ke sa mutane zato, mai wanka sau uku a rana ma na kamuwa, cunkoso ne abincinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a kowane lokaci sama da mutum miliyan 200 ke ɗauke da ita, a 2017 ma ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Ba ku kaɗai ba ne.

Sai man da kuke shafawa, nan ne raina ya ɓaci, ba da ke ba. Mayukan nan da ake ce wa tiriful akshan haɗin magani uku ne, na kashe naman gwari irin mai kawo makero, da na kashe bakteriya, da sitiroyid, galibi betametason ko kilobetasol, kuma kilobetasol na cikin mafiya ƙarfi da ake da su. Duk cikin ukun babu mai taɓa ƙwaron ƙazuwa. Abin da sitiroyid ɗin ke yi, ƙaiƙayin nan ai jikinki ne ke bore saboda ƙwaron da ƙwansa da kashinsa, to sai man ya rufe wa jiki baki, ki ji daɗi kwana biyu ki ce ya yi aiki, su kuwa suna ciki suna ta hayayyafa ba mai tsangwamarsu. A ƙa'ida ƙwarin da ke jikin mai ƙazuwa ba su cika wuce 10 zuwa 15 ba duk wannan uban susar, amma in aka daɗe ana danne garkuwar fata sai su yi yawa, ƙurajen ma su canza kama har ma'aikacin asibiti ya kasa gane su da wuri. Shi ya sa nake so ki tattara kwalayen da ragowar man ki tafi da su asibiti a nuna.

Jaririyar ce ma ta fi damuna. Fatar jariri ba ta da kauri, tana shan magani sosai, balle in an shafa a wajen famfas an rufe. Sitiroyid mai ƙarfi in aka daɗe ana shafa wa jariri yana sirantar da fata, jijiyoyi su fito, wani yaron fuskarsa ta yi bul-bul uwa na murna ya yi ƙiba alhali magani ne ya shiga jini. In kullum kike shafe mata jiki gaba ɗaya sati da sati, kar ki yanke hukunci ke kaɗai, ki kai ta cikin satin nan likita ya gani ko a tsayar lokaci ɗaya ko a janye a hankali. Ku manya da kuka shafa nan da can, ku ajiye shi kawai. Legas ɗin nan na rasa me ya sa komai ya fito a fata, ƙurajen zufa ne, kunar famfas ne, cizon sauro ne, sai a miƙo man nan, har wasu iyaye na zuba shi cikin man shafawar jarirai wai dan su yi haske. Allah ya kyauta.

Dettol ɗin ma ki bari. Ba ya kai wa ga ƙwaron da ke cikin rami, sai dai ya busar da fatar da ta riga ta sha susa ya ƙara mata raɗaɗi. Haka sabulun magani da dirzar yara da soso. Sabulu mara ƙamshi da hannu ya isa. Jiƙon Hajiya kuma kar ki yi musu da ita a waya, ki yi godiya, amma kar a ɗura wa 'yar wata 7, kuma ƙwaro da ke cikin fata ba ruwansa da abin da aka sha dan sanyi. In wani ya ce a shafa baƙin mai ko kananzir ko maganin ƙwarin nan otapiyapiya, ki ce masa a'a da babbar murya, na taɓa wanke ƙunar da irin wannan ya yi wa yaro, ba na fatan in sake gani.

Toh ga yadda ake yi. Ki fara kai jaririyar da yaran asibitin sha-ka-tafi na kusa da ke ko babban asibitin Orile Agege a tabbatar, dan cizon kuɗin cizo ma na tashi da dare kuma yana gama gida, sai dai shi a inda jiki ke buɗe yake, sau da yawa a jere, kuma za ki ga ɗigon baƙi a ɗinkin katifa, ba ya shiga tsakanin yatsu. In an tabbatar ƙazuwa ce, maganin da aka fi so shi ne man fametirin, a jikin kwalin za ki ga an rubuta Permethrin 5%. Ana shafa wa yaro daga wata 2, mai ciki da mai shayarwa ma suna shafawa. Akwai benzil benzowet, farin ruwan nan kamar madara, ya fi araha kuma ya fi samuwa, na manya kashi 25 cikin 100 ne, yana aiki amma yana da zafi musamman inda aka sosa, yara sai an sirka musu, kuma shi awa 24 yake kwana a jiki, to ki bar ma'aikaciyar jinya ta gaya miki yadda za ki sirka gwargwadon shekarun kowane yaro. Akwai man farar wuta na asibiti da ake shafawa dare uku a jere, ga wari ga ɓata kaya amma da shi ake yi wa jarirai sabbin haihuwa. Akwai kuma ƙwayar aibamektin, irin wadda ake rabawa a ƙauyuka saboda makantar bakin kogi, da nauyin mutum ake auna ta, ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba, wannan sai likita ya rubuta.

Amma kin san me? Ba a zaɓen magani mutane ke faɗuwa ba, a shafawa ne. Abu na farko, kowa da kowa a dare ɗaya. Ke, maigida, yara uku, ƙanin miji, har wanda ya rantse ba ya jin komai, tunda na gaya miki mutum na yin wata guda da ita bai sani ba. In kika yi wa yara yau, maigida ya ce sai ya samu lokaci, baƙo kuma aka ji kunyar gaya masa, to ƙaiƙayi ne zai koma kan masheƙiya, kuɗin maganin ma asara.

Fametirin awa 8 zuwa 14 yake so a jiki, shi ya sa nake ce wa mutanenmu su yi bayan isha'i. A yi wanka da ruwa mai ɗan sanyi, a goge jiki ya bushe sarai ya huce, a yanke farce, a yi sallah, wajen ƙarfe 9 kowa ya shafa, in an tashi asuba wajen biyar da rabi an cika awa takwas, a yi wanka a yi alwala. Kuma ba kan ƙurajen kaɗai ake ɗigawa ba, duk jiki ne daga wuya har tafin ƙafa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: bayan kunne, hammata, ƙarƙashin nono, cikin cibiyar kanta, tsakanin ɗuwawu, fatar gaba ta waje, tsakanin yatsun hannu da na ƙafa, ƙarƙashin farce. Baya kuma sai wani ya shafa wa wani. Babban mutum yakan cinye tub guda mai giram 30 a shafawa ɗaya, kar ki sayo ɗaya ki ce zai ishi gida. Duk wanda ya tashi cikin dare ya yi tsarki ko ya wanke hannu, ya sake shafawa a inda ruwa ya taɓa. Jaririyar ita har kai da goshi da bayan kunne da fuska za ki shafa, ki kauce wa ido da baki, dan su jarirai tana kama musu kai da tafin hannu da tafin ƙafa, ki sa mata safa a hannu kar ta tsotsa, in kin canza famfas ki maimaita a wajen. In za ki ba ta nono ki wanke kan nonon, in ta gama ki mayar. Bayan kwana 7 cif a sake yin duk wannan, kowa da kowa, saboda ƙwan da ya tsira a karon farko ya ƙyanƙyashe a lokacin. Wannan zagaye na biyun shi mutane ke tsallakewa dan sun ga sauƙi, bayan wata guda su dawo min suna cewa maganin jabu ne.

Kaya kuma kar ki wahalar da kanki ki ce sai kin wanke duk abin da ke cikin akwati, na san kuɗin ruwa a hannun 'yan garuwa. Ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 in ba a jikin mutum yake ba. Abin da aka sa ko aka kwanta a kai cikin kwana ukun ƙarshe kaɗai za ki taɓa, zanin gado, rigar filo, tawul, zanin goyo, hijabin sallah, kayan barci. Safiyar da kuka yi wankan ki jiƙa su a ruwan zafi sosai, mai tururi ba mai ɗumi ba, ya yi minti goma ko fi, a shanya a rana. In damina ce ta Legas da kaya ke kwana biyu a igiya ba su bushe ba, ki bi su da guga, ba wuta ki nemo dutsen guga na gawayi. Abin da ba ya wankuwa, bargo, sallaya, jakar goyo, ki cusa a babbar leda ki ɗaure bakin ki manta da shi, kwana 3 ne mafi ƙaranci, ni sati nake cewa dan hankali ya kwanta. Katifa da tabarmar falo a fitar su sha rana a shimfiɗa wankakken zani. Ba sai kin kira masu feshi ba.

Ki sa a ranki ƙaiƙayin ba zai ɗauke washegari ba. Yakan yi sati 2 zuwa 4 yana raguwa, saboda matattun ƙwarin na nan cikin fata sai ta saɓule da su, ƙurajen maigida masu taurin nan ma za su iya yin wata da watanni kafin su baje, ba yana nufin magani bai ci ba. Kar ki ce za ki yi ta shafa fametirin kullum, shi ma zai ƙona fatar. Man kaɗanya mai kyau ko ruwan shafawar nan na kemis da ake kira kalamin na sanyaya jiki, manya da yaran biyu za a iya rubuta musu maganin ƙaiƙayi na sha da daddare, jaririyar banda ita. Abin da zai nuna ba a gama ba shi ne sababbin ƙuraje na fitowa bayan sati biyu da shafawa ta biyu, ko an wuce wata ana susa kamar farko. In haka ta faru ku nemi a tura ku wajen likitan fata, akwai su a asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas, wato LASUTH, da ke Ikeja, nan kusa da ku, da na jami'ar Legas, wato LUTH, a Idi-Araba.

Akwai abu ɗaya da nake so ki duba a jikin yaran yau ɗin nan. In inda suka sosa ya yi ruwa, ya yi mugunya, ko ya yi ɓawo ruwan zuma, to bakteriya sun shiga, sai an haɗa da maganinsu, ki faɗa a asibiti. Ba ƙaramin abu ba ne, irin ƙwayar cutar da ke shiga gyambon ƙazuwa na iya taɓa ƙodar yaro makonni kaɗan bayan nan. In kika ga yaro ya tashi da kumburin fuska ko ƙafa, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi ko ya ragu, ko zazzaɓi ya rufe jaririyar, ranar za ki tafi asibiti ko da ƙurajen sun warke.

Yadda za ki ɓullo wa maigida kuwa, tunda ba ki furta zargin ba ni ban ga amfanin ki tono shi yanzu ba. Ki ce masa kin yi tambaya an ce ƙazuwa ce ta shigo gida, hankalinki ne ya tashi kwanakin nan, ya yi haƙuri, ki nuna masa hannun yaran, ki gaya masa abin da kika gani a jikinsa ma ita ce kuma kina so ya bari a duba shi. Ku ɗan dakata da shimfiɗa har ku wanke shafawar farko, wannan karon da dalilin da shi ma ya sani. Ƙanin nasa kuma ai abokin wasanki ne, matar wa da ƙanin miji ba a rasa tsokana, ki ce masa tsarabar da ya kawo muku daga gida ta isa haka, ga nasa tub ɗin, wansa ya shafa masa a baya. Sai dai ki tambaye shi ko yana kwana a kasuwa wasu ranakun, dan in abokan kwanansa na can suna susa zai sake kwaso ta, kuma wanda ya taɓa yi cikin kwana 1 zuwa 4 yake fara jin ƙaiƙayi in ta dawo. Ko su ma su yi magani rana ɗaya da ku, ko ya tsaya kwana waje ɗaya har a gama. Haka yaran maƙwabta da ke shigowa su yi barcin rana a falonki, gidan haya ne na sani, ki ja uwarsu gefe ki gaya mata a hankali ta duba tsakanin yatsunsu.

Ki rubuto min bayan shafawa ta biyu in ji yadda jaririyar take, ki haɗo da abin da likita ya ce kan man da aka yi ta shafa mata.